Yarinya 'yar shekara 15 a gidan geisha: horon sana'a ne ko bauta?

Maman_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, ina so masu sani su warware mini. Ashe har yanzu a Japan akwai yara mata da suke barin gaban iyayensu suna da shekara 15, su tare a gidan wata mata da ba su haɗa komai da ita ba, su kwashe wajen shekara biyar suna koyon rawa da kiɗa da zaman hira da baƙi kafin su zama geisha. Duk tsawon lokacin nan ba albashi, sai ɗan kuɗin kashewa. Ba wayar hannu, hutu kwana biyu a wata, ganin gida kuwa sai lokacin manyan bukukuwa. Ƙasar da ta yi nisa haka a ilimi, a ce yarinya ta ajiye karatu daga ƙaramar sakandare ta shiga wannan? Ni uwa ce, kuma na kasa gane ko horon sana'a ne ko bauta ce aka yi wa kwalliya. Sadiya, na san kina Kyoto, don Allah ki leƙo.

Abba_Kurna:
Wa alaikumus salam Anti. Ai abin bai kai a wahalar da kai ba. Mace ta tara 'yan mata a gidanta, dare ya yi ta tura su wajen maza masu kuɗi, kuɗin kuma hannunta yake shiga. Gidan magajiya ke nan, ko a wace ƙasa aka gina shi.

Sadiya_Kyoto:
Ga ni Maman Haidar. Yaya Abba, ka yi saurin yanke hukunci. Bari in faɗi yadda tsarin yake tafiya, sai kowa ya auna da kansa.

Unguwanni biyar ne ake wannan sana'a a Kyoto: Gion Kobu, Gion Higashi, Pontocho, Miyagawacho da Kamishichiken. A nan garin geiko ake ce wa wadda ta ƙware, mai koyo kuma maiko. Yarinya ce da kanta take nema, da sa hannun iyayenta, bayan ta gama karatun dole, wanda yake ƙarewa a shekara 15. Yawancinsu yanzu ba 'yan Kyoto ba ne, daga wasu jihohi suke zuwa, wasu ma ta intanet suke samo gidan da zai karɓe su.

Gidan shi ne okiya, mai gidan kuma kowa uwa yake kiranta. Matakin farko shi ne shikomi, daga wata shida zuwa shekara guda. Ba hoda, ba kimono mai tsada, wato rigarsu ta gargajiya. Shara ce da wanki da aike, da yamma ta taya yayyenta shiri, sannan ta zauna jiran dawowarsu ko da ƙarfe ɗayan dare ne, ta taya su tuɓe kaya ta ninke. Gari na wayewa ta tafi darasin rawa. A cikin wannan lokacin ne ake sauya mata baki ɗungurungum ta koma karin harshen Kyoto, a koya mata gaisuwa, da durƙuso, da yadda ake jan ƙofa a buɗe. Da yawa a nan suke tattara kayansu su koma gida. Wadda ta jure kuma ta ci jarrabawar rawa, sai ta yi kamar wata ɗaya tana bin manya wajen liyafa, ta zauna ta zuba ido kawai. Daga nan a yi bikin fitowarta, a ƙulla mata 'yar'uwantaka da wata babba a sana'ar, wadda za ta zama yayarta. Daga sunan yayar ake gutsuro sabon sunan da za a riƙa kiranta da shi, kuma in ta yi kuskure a gaban baƙi, yayar ce take zuwa ba da haƙuri.

Makarantarsu a Gion Kobu sunanta Yasaka Nyokoba, kuma ba makarantar da ake gamawa ba ce, tsohuwar geiko mai furfura ma tana zuwa darasi. Ana koyon rawa, da shamisen, wani abin kiɗa mai tsirkiya uku, da ganga, da sarewa, da waƙa, da haɗa shayi irin na al'ada. A watan Afrilu suna hawa dandamali su yi Miyako Odori, wasan da aka fara tun 1872, kowa yana iya sayen tikiti ya kalla. Na je na gani da idona. Wanda ya ga yadda gomman mata suke juya mafici a lokaci guda ba wadda ta riga wata, ya san an sha wuya kafin a kai nan.

Abba_Kurna:
Malama Sadiya na ji, kuma ban ce ba su iya rawa ba. Amma duk wahalar nan ina take kai su? Ɗaki ne, maza ne, giya ce, dare ne. Ko akwai wanda na ƙara daga cikina?

Malam_Tanimu:
Abba, zarginka yana da saiwa a tarihi, sai dai ka haɗa abu biyu da su kansu Japanawa suka daɗe da rabawa. Geisha na farko maza ne, masu kiɗa da barkwanci a unguwannin shaƙatawa. Mata sun shigo ne wajen 1750. A Yoshiwara, unguwar karuwai mai lasisi a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, an kafa ofishin rajista a 1779 don a sa wa geisha ido kada su ƙwace wa karuwai mazan da ke zuwa. Aka tilasta musu sutura mara ɗaukar ido. Manyan karuwan Yoshiwara a gaba suke ɗaure ɗamararsu, geisha kuwa a baya. Ka ga tun a lokacin sana'a biyu ce, ko da yake a unguwa ɗaya suke cin abinci.

Amma kada mu shafa wa tarihi mai. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, iyaye matalauta a ƙauyuka suna karɓar kuɗi su miƙa 'ya'yansu mata tun suna ƙanana. Bashin kuma kan yarinyar yake hawa: abin da aka ba ubanta, da cinta, da darasinta, da suturarta. A 1872 gwamnati ta fitar da dokar 'yanta karuwai da geisha daga irin wannan ƙangi, amma abin bai mutu ba, ya ma ƙara muni lokacin yunwar da aka yi a arewacin ƙasar a farkon shekarun 1930. A shekarun 1920 an ƙiyasta akwai geisha kusan 80,000 a Japan, kuma ba mai hankalin da zai ce duk ƙwararrun masu rawa ne. A 1944 aka rufe unguwannin saboda yaƙi, aka tura matan aiki a masana'antu. Bayan yaƙi, mata masu zaman kansu da ke hulɗa da sojojin Amurka suka ari sunan geisha, sojojin suka koma gida da wannan labari, ya bazu a duniya. Dokar hana karuwanci an zartar da ita a 1956, ta fara aiki sosai a 1958.

Ummu_Khairat:
Malam, to batun sayar da budurcin yarinya ga wanda ya fi ba da kuɗi fa? Na gani a wani fim, kuma abin ya daɗe yana damuna. Gaskiya ne ko shirin fim ne?

Malam_Tanimu:
Ummu Khairat, fim ɗin daga littafin wani Ba'amurke aka ɗauko shi, Arthur Golden, wanda ya fito a 1997, kuma ƙagaggen labari ne. Matar da ya yi hira da ita, Mineko Iwasaki, ta yi tashe ƙwarai a Gion a shekarun 1960 da 1970. Ta maka shi a kotu a 2001 saboda ya bayyana sunanta kuma ya ɓata mata suna, aka sasanta a wajen kotu a 2003. Ita ta dage cewa a Gion ta zamaninta ba a yin haka. Sai dai akwai Sayo Masuda, wadda aka sayar da ita tana da shekara 12 ga wani gidan geisha a Suwa, garin da ake zuwa wankan ruwan zafi. Ta rubuta tarihin rayuwarta a 1957, kuma ita ta ce an yi mata. Ban ga dalilin ƙaryata ko ɗaya daga cikinsu ba. Iwasaki mai gadon gidan geisha ce a unguwar da ta fi kowace daraja, bayan doka ta sauya. Masuda kuwa 'yar talakawa ce a ƙaramin gari kafin yaƙi, ba ta da kowa.

Yar_Kitso_Zariya:
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Ni gashin ne ya ɗaure mini kai. Anti Sadiya, nasu ne ko hular gashi ce? In nasu ne, yaya suke kwanciya da wannan tulin?

Sadiya_Kyoto:
Ƙanwata, na maiko nata ne na kanta, shi ya sa tun kafin ta zo ake ce mata ta tara gashi. Kamar sau ɗaya a mako take zuwa wajen mai gyara, a miƙar da shi da ƙarfe mai zafi, a shafe shi da kakin mai, a ɗaɗɗaure shi kashi-kashi. Tsakanin wannan zuwa da na gaba ba wanki, ba tsefewa. Matashin da take kwana a kai ɗan akwatin katako ne da ƙaramin tallafi a samansa, wuya ne kawai yake hawa, kai yana reto a sama. Saboda yawan ja a wuri ɗaya, wasu tsofaffin maiko suna da ɗan sanƙo a tsakar ka. Sai ta zama geiko take hutawa, a koma hular gashi.

Furannin da ake soka mata kuma kowane wata da nasa. Fabrairu furen ume, Afrilu furen sakura, Yuli 'yan ƙananan mafitai saboda zafi da bikin Gion, Nuwamba jan ganyen kaka. A Disamba akwai wasu ƙananan alluna biyu a jikin adon, ta je gidan wasan Minamiza 'yan wasan kabuki, wato wasan kwaikwayonsu na gargajiya, su sa mata hannu a kai. Na taɓa tsayawa dab da wata a bakin titi muna jiran danja. Farar hodar ta rufe fuska da wuya har gadon baya, amma a ƙeya an bar fata a buɗe siffar tsini biyu, layin a miƙe kamar da ma'auni aka ja shi, alhali da kanta take zanawa da madubi biyu. Leɓenta na ƙasa kawai aka shafa wa ja. Wannan ita ce alamar tana shekararta ta farko.

Yar_Kitso_Zariya:
Mako guda ba wanki ga mai a kai, ga zafin bazara? Allah sarki. Wannan sanƙon kuwa na san shi, duk inda aka matsa wa gashi a wuri ɗaya haka yake yi, kuma ba ya sake tsirowa.

Tela_DanMaradi:
Ni ma bari in saka baki ta ɓangaren sana'ata, don na daɗe ina nazarin ɗinkin kimono. Daga turmi guda ake fitar da shi, faɗinsa bai kai santimita 40 ba, tsawonsa wajen mita 12, yanka kuma duk a miƙe, ba lanƙwasa. Da can in za a wanke, farke ɗinkin ake yi gaba ɗaya, a wanke ƙyallayen, a sake haɗawa. Ɗamarar maiko ta haura mita biyar, ga nauyi, ba ta iya ɗaura wa kanta. Akwai maza da wannan ce sana'arsu, suna bi gida-gida da la'asar suna ɗaure musu. A ƙarshen ɗamarar akwai tambarin gidan da take. Kayan siliki ne, rinin hannu, cikakkiyar shiga ɗaya tana cin miliyoyin yen, kuma kowane yanayi da irin tasa. Duk na uwar gida ne. To Hajiya Maman Haidar, wanda ya zuba wannan dukiya a kan yarinyar da ba ta iya komai ba tukuna, ai dole ya jira ya fanshe. Ni ban ga zalunci a nan ba.

Alhaji_Sani_Motoci:
Ni an taɓa kai ni irin wannan liyafa. Wani Bajapane da muke harkar kayan mota da shi ne ya gayyace ni. Ba wurin da mutum zai faɗa da kuɗinsa ba ne, in ba wanda gidan ya sani ne ya kawo ka ba, ko nawa gare ka ba za a buɗe maka ba. Muka tuɓe takalma, muka hau sama, ɗaki ne mai shimfiɗar tabarma da gajerun tebura. Mu shida ne, har da matar ɗaya daga cikinsu. Maiko ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ja ta da hannu biyu, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa ƙasa. An riga an gaya musu ba na shan giya, shayi aka riƙa zuba mini, kuma ba wanda ya nuna mini a fuska.

Wata dattijuwa da za ta yi sa'ar mahaifiyata ta zauna a gefe da shamisen tana kaɗawa tana waƙa, yarinyar ta yi rawa. Ba tsalle, ba girgiza, gwiwa a ɗan lanƙwashe, tafin ƙafa yana shafar tabarma, komai a hankali. Bayan nan aka yi wani wasa: a ajiye ɗan kwano a kife tsakanin mutum biyu, ana waƙa kuna taɓa shi bi da bi da tafin hannu, in abokin wasa ya ɗauke kwanon sai ka ajiye dunƙulallen hannu a gurbinsa, waƙar kuma tana ƙara sauri. Wanda ya kuskure ya sha giya kofi guda. Awa biyu na cika suka yi sallama, don ana jiransu a wani gidan. Ta ba kowa 'yar takarda mai ɗauke da sunanta. Ban ga kuɗi ya fito daga aljihun kowa ba, daga baya ake aika wa mai gayyata lissafi. Abba, abin da na gani ke nan. Ko yatsanta ba wanda ya taɓa.

Abba_Kurna:
Alhaji, kai baƙo ne, kuma ga matar wani a zaune. Abin da ake yi a gabanka daban.

Ustaz_Bello:
Ɗan'uwa Abba, a yi hattara. Hukuncin zuba wa wani giya a wurinmu a fili yake, ba ya buƙatar muhawara, kuma ba wanda ya ce mu yi sha'awar wannan rayuwa. Amma jifan mace da alfasha ba tare da hujja ba, ba a halatta mana shi don matar ba Musulma ba ce ko don tana nesa. An umarce mu da adalci ga kowa. Ka tsaya a kan abin da aka tabbatar, shi ma ya isa a yi magana a kai.

Barista_Hauwa:
Na gode Ustaz, don abin da aka tabbatar ɗin shi ne ya fi damuna, kuma maganar karuwanci tana janye hankalinmu daga kansa. A dokar Japan ba a shan giya sai an cika shekara 20. Dokar ƙwadago ta 1947 ta hana sa wanda bai kai 18 ba aiki daga ƙarfe goma na dare zuwa biyar na asuba. Dokar kare yara ta hana sa 'yar ƙasa da 15 hidima a wajen shan giya, shi ya sa aka tsaya a kan 15 cif. To yarinya 'yar 16 da take dawowa gida tsakar dare daga wajen liyafa, ta ina ta bi ta tsallake waɗannan dokoki? Ta hanyar cewa ita ba ma'aikaciya ba ce, mai koyo ce kuma 'yar gida. Da wannan kalma ɗaya aka cire ta daga albashi, da ƙayyade awannin aiki, da komai.

A watan Yunin 2022 wata tsohuwar maiko ta fito a Twitter ta ce tana da shekara 16 aka riƙa ɗura mata giya, aka kuma so tilasta mata shiga wanka da baƙi. Maganarta ce, wasu tsofaffin maiko sun ce su ba su ga haka ba a gidajensu. Amma ƙasar ta ɗauka, har aka yi wa ministan ƙwadago tambaya a kai. Wasan da Alhaji ya ba da labari ma, wanda ya faɗi sha yake yi. In yarinyar ce ta faɗi fa?

Malam Tela, akwai abin da ka tsallake a ɗinkin. Rigar maiko tana da naɗi a kafaɗa da hannu, irin wanda ake yi wa rigar yaro don ya girma a cikinta. Da gangan ake barinsa don ta fito a yarinya ƙarama.

Tela_DanMaradi:
Haka ne Barista, naɗin yana nan. Ya samo asali ne tun lokacin da maiko yara ne 'yan goma sha kaɗan. Tambarin da ke ƙarshen ɗamara ma an ce don in yarinya ta ɓata a hanya da dare a san gidan da za a mai da ita.

Sadiya_Kyoto:
Barista, ban musa ko ɗaya ba, kuma akwai Japanawa da yawa da suke faɗin irin maganarki. Sai dai ina so a riƙe bambancin jiya da yau. Yau ba a sayen kowa, ƙofa a buɗe take, kuma masu fita suna da yawa. Wadda ta kai wajen shekara 20 ko 21 ana yi mata bikin sauya wuyan riga daga ja zuwa fari, ta zama geiko. In ta cika shekarun da aka yi alkawari da gidan, sai ta kama ɗakinta, kuɗinta ya riƙa shiga hannunta, ta sayi kayanta da kanta. Wasu daga baya su buɗe nasu wurin. A unguwannin nan mata ne masu gidaje, mata ne masu lissafi, haihuwar 'ya mace ma aka fi murna da ita saboda gado.

Kuma ba ko'ina ake bin tsarin Kyoto ba. A Tokyo yawanci sai an kai 18 ake shiga, har da waɗanda suka gama jami'a. A Niigata, da suka ga sana'ar za ta mutu, 'yan kasuwar garin suka haɗu a 1987 suka kafa kamfanin Ryuto Shinko, yana ɗaukar 'yan mata aiki da albashi da inshora, yana koya musu rawa da kiɗa.

Barista_Hauwa:
Ƙofa a buɗe take, amma ta fita ta nufi ina? Sama da kashi 98 cikin ɗari na yaran Japan suna wucewa babbar sakandare. Ita ta fito tana da shekara 19, ba takarda sai ta ƙaramar sakandare, ba ajiya, ba ƙawaye a waje. Misalin Niigata kuwa hujjata ce, ya nuna ana iya yi da albashi kuma rawar ba ta lalace ba.

Nura_Osaka:
Wani abu da ba a taɓo ba shi ne wahalar da masu yawon buɗe ido suke ba su. Za ka ga mutum ashirin sun tare yarinya a lungu da wayoyi, wani ya ja mata hannun riga, wani ya taɓa adon gashinta, ita kuwa sauri take kada ta makara. A 2019 mutanen Gion suka hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba, tarar yen 10,000. A 2024 suka fara kafa allunan hana shiga wasu lungunan gaba ɗaya. Kuma yawancin waɗanda ake gani da rana tsaka cikin farar hoda suna tsayawa a yi hoto da su, baƙi ne suka biya aka yi musu shigar. Maiko na gaske a Kyoto duka ba su kai ɗari ba.

Hajiya_Binta_Kumasi:
Yarana, ni tambayata aure. Suna yi kuwa? Don mace ta ƙare rayuwarta tana yi wa mazan wasu hira, abin da tausayi.

Malam_Tanimu:
Hajiya, barka da warhaka. A Kyoto, ranar da geiko ta yi aure ranar ta bar sana'a. Tana iya haihuwa ta ci gaba da aiki, amma aure da sana'ar ba sa haɗuwa. Da yawa suna barin ta da wuri, Iwasaki da na ambata tana da shekara 29 ta ajiye. Waɗanda suka zauna kuma babu ritaya, musamman masu kiɗa, irin dattijuwar da Alhaji ya gani. Da can akwai tsarin danna, wato attajirin da yake ɗaukar nauyin geiko guda, kuma kowa ya san dangantakar takan wuce ta kallon rawa. Nan ne maganar Abba take da ƙarfi. Matar Ito Hirobumi, firaministan Japan na farko, tsohuwar geisha ce, ba a ga aibin haka ba a lokacin. Amma a 1989, da wata tsohuwar geisha ta fallasa hulɗarta da firaminista Sosuke Uno, abin ya haɗu da faɗuwar jam'iyyarsa a zaɓe, bai cika wata uku a kan kujera ba.

Hajiya_Binta_Kumasi:
Allah ya kyauta. Na gode Malam.

Maman_Haidar:
Kowa ya yi ƙoƙari, Allah ya saka. Batun karuwanci na ajiye shi, ba shi na tambaya ba tun farko. Amma Sadiya, ki amsa mini wannan: me zai hana a jira ta kai 18, ta gama sakandare, sannan ta shiga? Me za a rasa?

Sadiya_Kyoto:
Akwai gidajen da suke karɓar 'yar 18, sai dai zamanta na maiko yakan gajarta, don da wuya a bar ta cikin wannan shigar bayan ta haura ashirin da kaɗan. Masu gidajen kuma suna ganin rawar salon Inoue, wadda ake koyarwa a Gion Kobu, tana son jikin da bai ƙage ba, haka ma harshe da ladabi sun fi kama yaro. Su a wurinsu shekara uku ba ƙaramar asara ba ce. Kuma suna ɗaukar abin da girma ƙwarai. Ranar 1 ga Agusta, cikin tsananin zafi, za ki gan su cikin baƙaƙen kaya na alfarma suna bi gida-gida suna gode wa malamansu. Ranar 7 ga Janairu kuma ake taron buɗe shekara a Gion, a karrama waɗanda suka fi kawo kuɗin liyafa a shekarar da ta wuce.

Barista_Hauwa:
To kin gani. Ana ƙirga awanninta, ana lissafa abin da ta kawo, har a jera ta da sauran a ba ta lambar yabo a kai. In an zo lissafin shiga ma'aikaciya ce, in an zo biya kuma 'yar gida ce.

Alhaji_Sani_Motoci:
Barista, lissafin ba ɓangare ɗaya gare shi ba. Ki sa ci da sha da wurin kwana na shekara biyar a tsakiyar Kyoto, ki sa kuɗin malamai, da mai gyaran gashi, da mai ɗaure ɗamara, da kayan da Malam Tela ya lissafa. Sannan ki tuna da waɗanda aka kashe wa kuɗi suka tafi tun ba su fara kawo ko yen ɗaya ba. Ni ɗan kasuwa ne, in aka ce in ɗauki wannan kasada kuma in biya albashi tun ranar farko, sai na yi dogon tunani.

Ummu_Khairat:
Alhaji, to a rubuta lissafin a ba yarinyar da iyayenta su riƙa gani duk wata, a kuma hana ta zama wajen giya har ta cika 20. Rawar Afrilu da Sadiya ta ce ana sayen tikiti a kalla ai ba giya a cikinta.

Tela_DanMaradi:
Ummu Khairat, rawar Afrilu wata ɗaya ce a shekara. Liyafar dare ita ke biyan masaƙa da marina da masu gyaran shamisen sauran wata goma sha ɗayan.